Yadda Ake Gano Matsala Idan Katin DAQ Ya Ƙi Jituwa da Kebul da Akwatin Jona Wayoyi

A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Birnin Kebbi ke bin mutum har cikin inuwa, wani ɗalibi ya same ni a ɗakin gwaji, rigarsa sharkaf da gumi. Ɗan Aliero ne, gidansu manoman albasa, kuma aikinsa na kammala karatu wani ƙaramin rumbun adana albasa ne da ya ƙera da hannunsa, yana son ya riƙa auna zafin cikinsa dare da rana. Ya ce da ni, "Malam, katin ga ya mutu. Komi na jona mai, lamba guda yake ba ni."

Na duba allon kwamfutar, layin farko yana nuna bolt 0.39. Muka cire sensar, lambar ba ta motsa ba. Muka sa batiri, tana nan daram. Na tambaye shi me ya gani da safe, ya buɗe littafinsa ya nuna mini 0.31. Nan take na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Katin lafiyarsa ƙalau, aiki ma yake yi tuƙuru, sai dai zafin ɗakin da muke tsaye a ciki yake aunawa maimakon na rumbun, saboda wasu ƴan makunnai da ba su fi ƙwayar shinkafa girma ba a cikin akwatin jona wayoyi. Yaron har ya fara tunanin yadda zai nemi kuɗin sabon kati a gida.

Na sha ganin an yanke wa kati hukuncin mutuwa alhali laifin na kebul ne ko na akwati, kuma abin yana mini ciwo, don kayan nan da dala ake sayensu, wani kuma sai ya yi watanni a hanya kafin ya iso Kebbi. Katin tattara bayanai, wanda aka fi sani da DAQ, shi ne ke karɓar ƴar wutar da sensa ta aiko ya mayar da ita lambobi. Amma kafin saƙon ya kai gare shi sai ya bi ta akwatin jona wayoyi, ya bi ta kebul, sannan bayan katin akwai direba, wato ƴar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane katin, da manhajar awo. Sarƙa ce, kuma kowace gaɓa tana iya tsinkewa. Zan yi misali da kayan kamfanin National Instruments na Amurka, wanda yanzu ake kira NI, domin su na fi taɓawa da hannuna. Hanyar binciken dai ɗaya ce ko na wane kamfani kake riƙe da shi.

Ka tanadi maltimita, wato mitar auna wuta, batirin tocila mai bolt 1.5, ƙaramar sukundireba mai faɗin baki, guntayen waya, da littafi da biro. Kyamarar wayarka za ta yi maka aikin gilashin ƙara girma. Doka ɗaya zan kafa maka tun yanzu: abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta. Wanda ya sauya kebul da direba da sensa a tashi ɗaya, ko aikin ya gyaru bai san me ya gyara ba.

Mataki na 1: Rubuta lambobin kayan uku

Lambar katin tana jikinsa, irin su PCI-6024E, PCI-6221 ko PCIe-6321. Ta kebul tana kan wata takarda da aka naɗe a jikinsa ko a kan bakinsa. Ta akwati tana kan murfi, kamar SCB-68, CB-68LP ko BNC-2110. Ka rubuta su harafi da harafi, don harafi ɗaya ne ke raba kebul ɗin da zai yi maka aiki da wanda ba zai shiga ba sam. Sannan ka sauke littafin katin daga shafin kamfanin a intanet, ka nemo babin da ya jera kebul da akwatunan da suka dace da shi. Sau da yawa a nan binciken ke ƙarewa.

Mataki na 2: Gwada katin shi kaɗai

Kashe kwamfutar, ka zare ta daga bango, ka cire kebul daga katin gaba ɗaya. Idan lokacin hunturu ne, iska ta bushe har riga na tartsatsi, ka taɓa ƙarfen jikin kwamfutar kafin ka kai hannu ga katin, kuma ka riƙe shi ta gefe. Wannan ƴar wutar da ke ɗan tsikarar yatsa ta isa ta lalata kati.

Dubi gurbin da aka sa shi. PCI daban, PCIe daban, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya, kuma yawancin sababbin kwamfutoci ba su da gurbin PCI ko ɗaya. A cikin PCI ɗin ma akwai gurbi mai bolt 5 da mai bolt 3.3, ana gane su da inda aka yi tsaga a ƙafar katin, mai tsaga biyu ne ke shiga kowanne. In ya ƙi zama, kada ka danna da ƙarfi. Akwai ƴan allunan da ake sayarwa masu mayar da PCIe ya karɓi PCI, amma ba kowanne ke jituwa da katin awo ba. Ni a ganina gara a nemo tsohuwar kwamfutar tebur mai gurbin PCI na asali a keɓe ta don wannan aikin kawai.

Kunna kwamfutar ka buɗe manhajar NI MAX, ka shiga Devices and Interfaces. Idan katin ya bayyana da suna irin Dev1, danna Self-Test. In bai bayyana ba, duba Device Manager na Windows, in akwai alamar ruwan ɗorawa a kansa to direba ce matsalar. Direbar ana kiranta NI-DAQmx, kuma kowane bugu nata yana zuwa da takardar da ta lissafa katunan da yake ɗauka da irin Windows ɗin da yake hawa. Sabuwar direba ba dole ne ta san tsohon kati ba, don haka ka karanta takardar kafin ka ƙona data wurin sauke abin da ba zai amfane ka ba. Tsari mafi kyau shi ne a sa direba tukuna, a kashe kwamfuta, sannan a sa kati.

Ka riƙe wannan: Self-Test katin da kwamfutar kawai yake dubawa, bai san komai ba game da kebul ko akwati. Idan ya ci gwajin ba kebul, amma da ka jona kebul sai ya faɗi ko kwamfutar ta rikice, ka riga ka san ɓangaren da ɓarawon yake.

Mataki na 3: Bakin kebul, inda aka fi yaudaruwa

A nan zan daɗe, domin nan ne kuɗin mutane suka fi salwanta. Mai kaya zai ce maka kebul ɗin "mai ƙafa 68" ne, kai ma katinka mai ƙafa 68 ne, sai ka biya. Kama da wane ba wane ba ne. Baki mai ƙafa 68 iri biyu ne a kayan NI. Tsofaffin katunan jerin E, masu harafin E a ƙarshen lambarsu, suna da babban baki irin na SCSI, tazarar ƙafafunsa milimita 1.27. Katunan jerin M da suka fito a 2004, da na jerin X da suka biyo baya a 2009, suna da ƙaramin baki siriri mai suna VHDCI, tazararsa milimita 0.8. Akwatunan kuwa, irin su SCB-68, da babban bakin suke zuwa.

Ke nan katin jerin E kebul mai manyan baki biyu yake so, wato SH68-68-EPM. Katin jerin M ko X kuma yana son mai ƙaramin baki a gefe ɗaya da babba a ɗayan, wato SHC68-68-EPM. Harafin C ɗin nan shi ne dukan bambancin a rubuce. Abin daɗin shi ne an jera ƙafafun jerin M yadda za su yi daidai da na jerin E, don haka wanda ya sauya tsohon kati da sabo kebul kawai zai saya, akwatinsa na da zai ci gaba da yi masa aiki. Ka kuma lura PCI-6221 yana da wani samfurin mai ƙafa 37, lambar iri ɗaya amma bakin daban ƙwarai.

To ga wanda ya fi haɗari: bakin da ya shiga cif-cif amma jerin ƙafafun daban. Katin ƙirga bugun wuta irin PCI-6602 shi ma babban baki mai 68 gare shi, kebul ɗin katin awo zai shige shi ba gardama, amma kebul ɗinsa na asali SH68-68-D1 ne, kuma abin da ke kan kowace ƙafa ya sha bamban. Haka katunan Advantech irin PCI-1710 suna da baki mai 68, da nasu kebul da nasu allon jona waya, kuma jerinsu ba na NI ba ne. In ka cakuɗa su, ƙafar da kake zaton ta ƙasa ce, wato mai bolt sifiri da ake auna sauran da ita, tana iya zama mai ɗauke da wuta.

Cikin kebul ɗin ma akwai magana. Wayoyin an tufke su biyu-biyu, kowace wayar saƙo da abokiyar zamanta, kuma a kebul mai sulke an raba ɓangaren awo da na dijital don kada ɗaya ya yi wa ɗaya kutse. Kebul ɗin da aka tufke don wani aikin daban zai kai wuta daga ƙafa zuwa ƙafa, amma lambobinka za su riƙa rawa. Akwai kuma falalen kebul mai kama da ɗamara, ba shi da sulke, yana da araha, ya isa ga gwajin kunna fitila da kashewa. Ga mai auna abu mai laushi kamar tamokopul, wato wayar nan ta ƙarfe biyu da ake auna zafi da ita, ban yarda da shi ba. Nau'in K abin da yake bayarwa kusan maikrobolt 41 ne a kowane digiri ɗaya, hayaniya kaɗan ta isa ta haɗiye shi.

Yanzu haska tocila cikin babban bakin da ke jikin akwatin, ka ɗauki hoto ka buɗa shi. Allurai 68 ne a jere, layi biyu, 34 a kowanne. Nemi wadda ta lanƙwashe ko ta nutse ciki. Na taɓa ganin ɗaya ta kwanta ta jingina da maƙwabciyarta, layi biyu suka riƙa ba da amsa iri ɗaya har sati guda ana zargin manhaja. Wadda ta ɗan karkata ana iya miƙe ta a hankali da bakin hantsaki, sau ɗaya, don in aka yi ta lanƙwasawa karyewa take yi. Ƙurar hunturu kuma tana cika ramukan bakin kebul da alluran ke shiga. A hure ta da iska, a goge da ɗan sifirit mai saurin bushewa, ban da ruwa, ban da man inji. In za ka mayar da kebul, kwamfuta a kashe, ka sa shi a miƙe, ka ɗaure sukurorin gefe biyun daidai wa daida. Ƙaramin bakin VHDCI in an bar shi ba ɗauri nauyin kebul ɗin kawai ya isa ya ɗaga gefe ɗaya.

Katin da ke da baki biyu, kamar PCI-6229, na farko mai lamba 0 shi ke ɗauke da layukan shigar da awo AI 0 zuwa AI 15, na biyu mai lamba 1 yana ɗauke da AI 16 zuwa AI 31. Duba wanda ka jona.

Mataki na 4: Buɗe akwatin

Mu koma ga ɗan Aliero. A cikin SCB-68 akwai ƴar sensar zafi da aka dasa don masu aiki da tamokopul, domin lissafinsu yana bukatar sanin zafin wurin da wayoyin suka haɗu da sukurori. Tana ba da milibolt 10 a kowane digiri. Idan an kunna ta da makunnan da ke kan allon, sai ta ƙwace layin AI 0, a wani saitin har da AI 8, kuma duk abin da ka ɗaura a sukurun wannan layin ba zai kai ga katin ba. Ka ga 0.39 ɗin nan digiri 39 ne na rana, 0.31 kuma digiri 31 na safiya. Akwatin na hannu ne, wanda ya yi amfani da shi a baya ya bar shi a haka.

Da yake shi ma tamokopul yake amfani da shi, ban kashe sensar ba. Na ce masa, "Ƙanena, wannan da ka ɗauka cuta ce, ita ce maganin aikinka." Muka matsar da wayoyinsa zuwa layi na gaba, muka shiga saitin katin a NI MAX muka zaɓi SCB-68 a matsayin akwatin da ke jone, sannan a manhajar awon muka ce ta ɗauki zafin mahaɗa daga sensar cikin akwatin.

Makunnan suna da saiti na masu son sensar, da na waɗanda ba sa so, da kuma wanda ke barin kowace ƙafa ta wuce kai tsaye ba a taɓa ta ba. Wannan na ƙarshen shi ake sa wa katunan da ba na awon gama-gari ba, irin na ƙirga bugun wuta. Zanen yadda ake jera su yana cikin littafin akwatin, ka bi shi da ido, kada ka yi da ka.

Takardar da aka manna a cikin murfi ita ma tana ruɗa mutane. Ta jerin E tana cewa ACH0 da DAC0OUT, ta sababbin katuna tana cewa AI 0 da AO 0, abu ɗaya ne suna biyu. Amma in takardar ta wani katin ce daban, bin ta ɓata ne. Ka dogara da lambar da aka buga kusa da kowane sukuru, ka gwama ta da zanen da NI MAX ke nunawa idan ka danna Device Pinouts.

Mataki na 5: Gwajin batiri

Cire duk sensoshi. A katin jerin M mai ƙafa 68, AI 0 na kan ƙafa ta 68, AI GND, wato ƙasar layukan awo, na kan ta 67. Auna batirin da maltimita tukuna ka rubuta abin da ya nuna. Sa kan batirin a 68, gindinsa a 67, buɗe Test Panels a NI MAX, zaɓi layin, ka sa yanayin jonin a RSE, wato mai auna layi da ƙasar katin. Ya kamata lambar ta yi daidai da ta mitarka, ta tsaya cak. Sai ka bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ƙi, ka sa masa alama. In kana da wani kebul ɗin ka musanya: matsalar ta tafi, kebul ne, in tana nan a wannan layin, akwati ne ko kati.

Katin da ke iya fitar da wuta, irin 6221, yana ba ka gwaji mafi kyau. Ja guntuwar waya daga ƙafa ta 22, wato AO 0, layin fitar da wuta, zuwa layin da kake gwadawa, ka umarce shi ya fitar da bolt 2, sannan 5, sannan 3 a ƙasa da sifiri. Saƙon ya fita ta kebul ya dawo ta kebul, ka gwada hanyar gaba da baya ke nan.

Daga nan sa mita tsakanin ƙafa ta 14 da D GND, wato ƙasar layukan dijital, ka ga ko akwai bolt 5. In babu, wani abu ne ke jan wutar fiye da kima ko waya ta taɓa ƙasa. Katunan PCI na jerin M suna da fis mai dawo da kansa bayan ƴan daƙiƙoƙi da zarar an cire abin da ya jawo matsalar.

Mataki na 6: Batiri ya yi daidai, sensa ta ƙi

In ka kai nan, kayanka sun jitu da juna, saura yadda ka jona. Akwai yanayi uku: RSE mai auna layi da ƙasar katin, NRSE mai auna shi da AI SENSE da ke ƙafa ta 62, da Differential mai auna bambancin waya biyu. Abin da ka zaɓa a manhaja dole ya zama shi ka ɗaura da sukundireba. A Differential abokin AI 0 shi ne AI 8 da ke ƙafa ta 34, abokin AI 1 shi ne AI 9, haka har AI 7 da AI 15. Masu sa waya ta biyu a AI 1 suna da yawa, don hankali can yake kai mutum.

Sensar da ba ta da alaƙa da ƙasa, kamar tamokopul ko abin da ke aiki da batiri, in ka jona ta a Differential haka kawai za ka ga lambar tana tafiya a hankali har ta manne a ƙarshen ma'auni. Maganinta rizista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai kilo-om 10 zuwa 100 daga wayoyin zuwa AI GND. A BNC-2110 an sauƙaƙa abin, kowane layi yana da makunni mai FS da GS, FS na sensar da ke reto ba ƙasa, GS na wadda ta riga ta sami ƙasarta. Na'urar da ke jone da wutar bango kuma tana da tata ƙasar, in ka sa ta a RSE ka haɗa ƙasa biyu da ba daidai suke ba, wuta ta riƙa zagaye a tsakaninsu. Ita Differential ko NRSE ya dace da ita.

Wani abin da ke tsorata sababbin hannu shi ne ganin layin da ba a jona masa komai ba yana kwaikwayon maƙwabcinsa. Ba lalacewa ba ce. Waɗannan katunan ma'auni ɗaya gare su yana zagaya layukan da gudu, sai ragowar cajin layin baya ya biyo shi. Ka cire layin da ba ka amfani da shi daga jerin awo, ko ka haɗa shi da AI GND. In sensar ce mai taurin hanya, sama da kilo-om 1, rage saurin awon.

Sai hayaniyar wutarmu mai bugu 50 a daƙiƙa. Ka raba wayar sensa da wayar wuta, kada su kwanta tare a bututu ɗaya. Ka gwada awon a kan wutar gari, a kan janareta, a kan inbata, ka kwatanta, domin na sha ganin layi yana kwance lafiya sai an tayar da janareta ya fara rawa, kuma galibi rashin wayar ƙasa mai kyau ne a ginin. Ga abu mai canzawa a hankali kamar zafin rumbu, ɗauki awo 1000 a daƙiƙa ɗaya ka fitar da matsakaicinsu, yawancin rawar za ta kwanta.

Mataki na 7: Kafin ka jona abu mai ƙarfi

Iyakar awon waɗannan katunan bolt 10 ne sama da sifiri, da bolt 10 ƙasa da sifiri. Farantin sola da ake ce wa mai bolt 12 yana haura 20 a tsakar rana in ba a ɗora masa kaya ba, don haka sai an rage wutar da rizista biyu kafin ta kusanci akwatin. Layukan dijital na bolt 5 ne, sensoshin masana'anta kuwa, irin waɗanda ake samu a injinan casar shinkafa, da yawansu a bolt 24 suke aiki, jona su kai tsaye ƙona layin ne. Wadda ke ba da saƙon miliamfiya 4 zuwa 20 kuma sai an gitta mata rizista mai om 250, ta mayar da shi bolt 1 zuwa 5 da katin zai iya karantawa.

Idan bincike ya nuna sai an sayi wani abu, kada ka tura kuɗi Legas ko Kano ko ƙasar waje a kan kalmar "mai 68" kawai. Ka ce a turo maka hoton takardar lambar kebul ɗin, da hoton bakinsa biyu ta gaba, da na cikin akwatin a buɗe. Ka ajiye hotunan kusa da littafin katinka ka gwama harafi da harafi. Ranar da kayan suka iso, kafin ka ɗaura ko sensa ɗaya, ka sake ɗauko batirin nan ka bi layukan tun daga ƙafa ta 68, ka rubuta abin da kowanne ya nuna a takarda, ka manna ta a cikin murfin akwatin tare da zanen yadda ka bar makunnan.